Yadda magidanci a Maradi zai sayi cimakar shekara daga hannun manomi, ya ajiye ta ba asara

Farashin hatsi a Maradi yana da lokacin faɗuwa da lokacin tashi, kuma kusan kowace shekara tafiyarsa ɗaya ce. Daga ƙarshen Satumba, da sabon hatsi ya fara shiga kasuwa, tiya takan sauka. Tana nan ƙasa har wajen Disamba, daga nan ta riƙa hawa a hankali cikin rani, ta kai ƙololuwa tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rumbun manomi ya yi ƙasa, shuka kuma ba ta nuna ba. Wanda yake awon tiya ɗaya kullum safiya shi ke biyan kowane irin farashi da shekara ta zo da shi, har da mafi muni. Abubuwa biyu ke yanke kuɗin da gida zai kashe kan ci: watan da aka saya, da yawan hannuwan da hatsin ya bi kafin ya iso tukunya.

Akwai abin da ba a hannunmu yake ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka da Najeriya, kayan da ke shigowa ta Ɗan Isa daga Jibiya da Katsina suka tsaya har sai a Maris 2024, shinkafar waje da ke biyowa ta tashar Kwatano kuma ta yi wuyar samu. A ƙarshen Agusta 2024 ambaliya ta ci gidaje da gonaki a Maradi. Magidanci ba ya buɗe iyaka, ba ya tsayar da ruwa. Amma darasin 2005 har yanzu yana nan: a shekarar, jihar Maradi da ake kira rumbun ƙasa ita ce ta fi jin jiki, domin manoma sun sayar da amfaninsu da kaka a kan arha, hatsin ya fita, suka dawo suna nemansa da damina da kuɗin da ba su da shi. Tsarin da za mu bayyana yana kare mai saye daga irin wannan, yana kuma amfanar mai noman idan an yi shi da gaskiya.

Fara da sanin abin da gidanka ke ci

Yawancin magidanta sun san kuɗin cefanen da suke bayarwa, amma ba su san tiya nawa ke shiga ciki a wata ba. Ba za a iya sayen na shekara da ka ba. A ba uwargida takarda, ko a sa ɗan makaranta a gidan ya riƙa rubutawa: tsawon mako 2 cif, duk abin da aka ɗiba na hatsi, dawa, masara, wake da shinkafa a rubuta shi da tiya. A haɗa, a ninka biyu, an sami na wata. A ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda baƙi, suna, sadaka da watan azumi, wanda kunu da fura ke cin hatsi fiye da kullum.

Ma'aikatan noma a Nijar suna lissafa kilo 231 na hatsi ga mutum ɗaya a shekara. Tiyar hatsi tana kusan kilo 2 da rabi, buhun kilo 100 kuma tiya 40 ne, ke nan kowane kai yana buƙatar buhu 2 da ɗan ɗori. Gida mai mutum 8 zai tashi wajen buhu 18. Wannan awon na wanda hatsi ne kusan duk abincinsa. A cikin gari, inda ake haɗawa da shinkafa, taliya da burodi, lissafin yakan sauka sosai. Shi ya sa awon gidanka ya fi na littafi.

Ba dole ne a sayi na wata 12 ba. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ya sa ido kan watanni 4 masu zafi, daga Mayu zuwa Agusta. Ya ci gaba da awo a kasuwa tun kaka har cikin rani muddin farashi na da sauƙi, ya bar ajiyar a rufe, kada ya taɓa ta sai tiya ta tashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi buhu 3 da kaka a fara ci washegari, su ƙare a Fabrairu, a koma awo daidai lokacin da tsada ta kunno kai.

Lissafin tafiya ƙauye

Ba kowace arhar ƙauye ce riba ba. Ga ƙa'idar da za a riƙe a ka: duk dala 5, wato sefa 25, da aka rage a kan tiya, jika 1 ce a kan buhu. Misali kawai: a ce tiya tana sefa 575 a Maradi, a kasuwar ƙauye tana 500. Bambancin 75 ne, a buhu ya zama 3,000. A ce kuɗin motar buhu 1,000, dako 200, kuɗin motarka zuwa da dawowa 2,000. Idan buhu 1 ka je saye, ka yi asarar 200 ban da wunin da ka ɓata. Idan buhu 10 ne, an tsira da 16,000. Kuɗin tafiya ba ya canzawa, yawan kaya ke rarraba shi, don haka tafiya ƙauye aikin haɗin gwiwa ne: gida 5 ko 10 na unguwa ɗaya, ko ma'aikatan ofis ɗaya, ko ƴan sahun masallaci ɗaya, su haɗa kuɗi su tura mutum 2. Mutum 2 muka ce da gangan, ɗaya na lura da awo, ɗaya na riƙe da kuɗi da rubutu. A sa kuɗin buhunan zuba kaya da harajin kasuwa cikin lissafin tun farko, a kuma amince a rubuce yadda za a raba idan awon ya gaza. Yawancin irin wannan haɗin gwiwa kan tiya 2 da ta ɓace yake watsewa.

Kafin a tashi, a san farashin ranar. Hukumar SIMA tana bibiyar farashin kasuwannin amfanin gona a ƙasar nan tana fitarwa, amma mafi sauri shi ne a kira mutum 2 da ba su san juna ba a garin da za a je, a ji tiya nawa ta kwana a kasuwar da ta wuce. Hatsi da wake suna fitowa da yawa daga wajen Mayayi, Dakoro, Tasawa da Agye. Aya da riɗi da gujiya ana samunsu sosai a yankin Agye da Cadawa. A kudu da yamma, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, akwai wuraren da matsalar tsaro ta taɓa. A tafi da safe a dawo da rana tsaka, kada a ɗauki kuɗi mai yawa a aljihu. A tura ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana a karɓa a can, ko a biya manomi ta nan kai tsaye.

Wanda ba zai iya tafiya ba, kasuwar Maradi tana ci Litinin da Juma'a, kuma da kaka mutanen ƙauyukan kewaye suna shigowa da ƴan tiyoyinsu a amalanke da kan babur. A je da sassafe kafin ƴan sari su kwashe. Abu ɗaya ne ba mu yarda da shi ba: tare manomi a bakin gari a saye kayansa kafin ya ji farashin kasuwa. Shari'a ta Musulunci ta hana wannan, kuma wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake kawo maka ba.

Awo da duba kaya

A nan ake cin riba, a nan ake faɗuwa. Ka tafi da tiyarka ta gida wadda ka san nauyinta, domin tiya ba ɗaya ba ce daga kasuwa zuwa kasuwa, wata an bubbuge gindinta ta shige ciki, wata an rage mata baki. Kafin a fara, a daidaita irin awon: a shafe ne, ko a cike har ta yi tozo, ko da hannu a kare a gefe. Bambancin ya kai tiya 2 ko 3 a buhu. Kada ka sayi buhu a ɗinke don an ce maka na kilo 100 ne. A zazzage a kan tabarma ko tamfol a auna a gabanka, ko a ɗora a sikeli. Zazzagewar ce kuma ke nuna abin da ke ƙasan buhu, inda ake ɓoye yashi, ƙaiƙayi da tsohon hatsi.

Ɗebi cikin hannu ka murza. Hatsi mai kyau yana da nauyi da sheƙi, ba ya barin gari a tafin hannu. Garin nan alamar ƙwaro ne ya riga ya shiga. Ka sansana: warin rima ko na hunhuna ya isa ka bar kayan komai arharsu. Ka ciji ƙwaya. Idan ta bushe za ta fashe da ƙara, idan ta lotsa a haƙori da sauran ruwa a jikinta. Sabon hatsin farkon Oktoba sau da yawa bai gama bushewa ba, ka biya kuɗin ruwa a nauyi, ka kuma kai abin da zai ruɓe gida. Akwai gwajin da ya fi cizo tabbaci. A sami kwalba busasshiya mai murfi, a zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali 2 na gishirin da aka shanya ya bushe ƙarau, a rufe a girgiza minti 1, a ajiye minti 15 a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai isa ajiya ba, sai an ƙara shanya shi kwana 2 ko 3.

Wake kuwa a duba shi ƙwaya-ƙwaya. Huda ɗaya da ka gani tana nufin akwai ƙwai da yawa da ba ka gani ba. Fararen ɗige-ɗigen da ke manne a jikin ƙwayar su ne ƙwan. Gujiya a guji wadda ta yanƙwane, ta canza launi ko take da ɗaci. Hunhunar gujiya da masara tana haifar da guba mai lahanta hanta, wadda suya ko dahuwa ba sa kashewa, saboda haka tsincewa a zubar ita ce magani, kuma ba a ba yara ko dabbobin tatsa abin da aka tsince.

Mai fili a gida zai iya sayen hatsi a dami. Hatsi a zangarniyarsa ya fi sussukakke daɗewa, shi ya sa rumbun ƙauye ke riƙe shi shekara da shekaru. Sai dai dami ba shi da awo tsayayye, girmansa ya danganta da hannun wanda ya ɗaure da kuma yadda zangarniyar ta cika. A zaɓi dami 1 daga tsakiyar tarin, a sussuke shi nan take a ga tiya nawa ya bayar, a yi ciniki a kan wannan, a kuma tuna da ladan masu sussuka.

Hulɗa da manomi ɗaya

Wanda ya sami manomin da zai riƙa saye a hannunsa duk shekara ya fi mai yawon kasuwa kwanciyar hankali. Kusan kowane gida a Maradi yana da dangi ko suruki a ƙauye, daga nan ake farawa. Amma zumunci ba ya maye gurbin magana a fili. A faɗi irin kayan, yawan tiya, wace tiya za a auna da ita, ranar karɓa, da wanda zai biya kuɗin mota.

Manomi yakan fi buƙatar kuɗi a Yuni da Yuli, lokacin iri, taki da noman farko. Za a iya biyansa a lokacin a karɓi hatsi da kaka, kuma malamai sun halatta irin wannan ciniki da sharaɗin a biya kuɗin duka a take, a ambaci awo sananne, iri sananne da lokaci sananne. A yi shi gaban shaidu 2, kuma kada a ɗaure shi da amfanin wata gona takamaimai, domin idan fari ko tsutsa ta cinye ta rigima ta tashi. Inda abin ke ɓaci shi ne farashi. Akwai masu ba manomi kuɗin rabin buhu da damina su karɓi buhu cikakke da kaka, don sun san yunwa ce ta kawo shi. Wannan zalunci ne, kuma shi ke mayar da manomi mai sayen abin da ya noma. A ɗauki farashin kakar da ta wuce a matsayin ma'auni, a rage kaɗan saboda jiran da mai kuɗi zai yi. A kuma yi magana tun farko kan abin da za a yi idan damina ta ƙi: a jira wata kakar, ko a mayar da kuɗin yadda suke.

Da kaka ma, idan dillali zai ba manomi 475 a tiya, kai kuma a gari za ka saya 575, ka ba shi 525 kowa ya ci riba. Manomin da ya ga haka shi zai kira ka kafin ya kira ɗan sari, kuma ba zai zuba maka yashi ba.

Ajiya

Duk arhar da aka samu a kasuwa, a ɗakin ajiya take tabbata ko ta salwanta. Maƙiyan huɗu ne: laima, ƙwaro, kusu da gara. Hatsi busasshe yana iya kai shekara a buhu ba matsala. Dawa ta fi shi jan ƙwaro, masara ta fi dawa, wake kuwa idan aka bar shi a buhun banza, cikin wata 2 zuwa 3 ya zama huda da gari.

Ɗakin ya kasance ba ya yoyo. A share shi, a fitar da duk ragowar tsohon hatsi da tsofaffin buhuna domin a nan ƙwarin bara ke jira, a toshe ramuka da siminti. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango: a jera katako ko itace a kan bulo, tsayin taƙi ɗaya aƙalla, a bar tazarar da hannu zai wuce tsakanin buhu da bango. A unguwannin da ruwa ke kwanciya a ɗaga fiye da haka. Wanda ya ga ambaliyar 2024 ya san dalili. Kada a haɗa sabon hatsi da tsoho a buhu ɗaya.

Ga wake, hanyar da ta fi ita ce a hana ƙwaro iska. Buhun PICS mai hawa uku, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka da na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maradi suka yi aiki a kansa, an yi shi ne don haka: leda 2 masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ƙwarin da ke cikin waken suna shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba tare da an sa magani ba. Amma sai an bi matakan daidai. A fara hura iska a kowace leda a matse bakinta a danna, a ji ko tana fita. Leda mai huda ko ta allura ce ba ta da amfani. A sheƙe waken a cire kara da tsakuwa masu iya huda leda, a tabbatar ya bushe. A sa leda cikin leda, a sa su cikin buhun, a zuba waken a hankali ana girgizawa don ya zauna. Kada a cika har baki, a bar wuyan da za a murɗa. A matse iska ta fita, a murɗe bakin leda ta ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure da igiya ko roba. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje shi kaɗai. Ɗaure su ukun a haɗe shi ne kuskuren da ya fi yawa. Na biyu shi ne buɗewa kowane mako ana ɗiba, wanda ke mayar wa ƙwarin da iskar da aka hana su. Waken ci na wata 2 a ware shi daban. Na uku kusu: haƙori ɗaya ya gama da buhun, don haka a riƙa dubawa, idan an ga huda a liƙe da salatif mai faɗi ko a canza leda. Idan ledojin ba su huje ba za su yi wata kakar, kuma buhun yana yi wa masara da dawa aiki iri ɗaya.

Ƙaramin gida bai ma buƙaci buhu ba. Jarka mai lita 25 tana ɗaukar wake kusan tiya 8. A wanke ta, ta bushe sarai a rana, kada ta kasance wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi. A cika ta maƙil ana bubbuga gefe har ba sauran wuri, a sa leda a baki kafin a murɗa murfi, a ajiye a inuwa. Amfaninta shi ne kusu ba ya iya mata, kuma ana buɗe ɗaya a cinye a bar sauran a rufe. Tsohuwar dabarar toka ma tana aiki ga kaɗan: tiyar wake, tiyar toka tankaɗaɗɗiya mai sanyi, a cakuɗa a tukunyar ƙasa, a rufe saman da toka mai kaurin yatsu 2.

Muna jan kunne da babbar murya kan ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhu, fostoksin. Iskar da take fitarwa guba ce mai kisa, tana ratsa buhun saƙa ta cika ɗaki. Ba a ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin kwana, ko ɗakin da ke haɗe da shi, ko inda yara ke shiga. Haka nan maganin feshin gona ba na yayyafa wa abinci ba ne. Tunda akwai leda da jarka, gidan da ke ajiyar ci ba shi da dalilin kusantar su.

Niƙa kuma a riƙa yin na kwana 2 ko 3 kawai. Garin hatsi yana da maiƙo, yana saurin yin ɗaci, musamman da zafi. Dusar surfe kada a bar wa mai inji; abincin akuya ce, ana kuma sayar da ita.

Kayan miya

Kayan lambu nasu lokacin daban ne. Daga Disamba zuwa Maris, fadamar Gulbin Maradi, Tibiri da gonakin ban ruwa na Jiratawa suna cika kasuwa da tumatir, kabeji, tattasai da ganye, har wani lokaci mai lambu ya rasa mai saye. A lokacin ake yin kauɗa. A sayi kwando a bakin lambu, nunanne mai tauri, a wanke, a yanka biyu ko huɗu, a shanya a kan tabarma bisa gado ko rumfa, ba a ƙasa ba, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Da iskar hunturu kwana 4 zuwa 6 sun isa. Kilo 12 zuwa 15 na ɗanye ke ba da kilo 1, saboda haka kada a yi mamakin yadda kwando ke komawa ɗan ƙunshi. Ya bushe har ya karye a hannu kafin a zuba a leda ko gwangwani mai murfi. Wanda ya rage da laushi shi ke yin baƙi da hunhuna. Kuɓewa da tattasai haka ake yi musu. Ganye kuwa, zogale, yakuwa da rama, a inuwa mai iska ake shanya su, rana tana ƙone launinsu da amfaninsu.

Albasa tana arha a Maris da Afrilu, ta yi tsada daga ƙarshen damina. Wadda za a ajiye a zaɓi matsakaiciya mai busasshen wuya, ba ƙatuwar da ta sha ruwa da taki ba, a baza ta hawa ɗaya ko biyu inda iska ke ratsawa, a riƙa tsince ruɓaɓɓiya kowane mako. Sai an yi tsammanin wani kashi zai lalace, don haka rabin a yanka a busar, a haɗa da gabu. Daudawar batso da ta kalwa suna rage kuɗin dunƙule, man gujiyar da matan unguwa ke matsewa kuma yana zuwa da ƙuli-ƙulin da ake dakawa a kwaɗo.

Shinkafar waje ita ce ta fi saurin bin tashin kuɗin mota da rufe iyaka. Ba sai an daina ta ba, a rage kwanakinta, a cike da dambu, ɗan wake, tuwon dawa, ko a dafa ta rabi da rabi da wake. Inda nama ya gagara, wake, awara da gujiya su ne madadinsa, kuma yara ƙanana su ne ba za a rage wa ba. Kunun yaron da ya wuce wata 6 a yi shi da awo 3 na hatsi, 1 na wake ko waken suya, 1 na gujiya, a soya kowanne sama-sama daban, a cire ɓawo, a niƙa tare, a dama shi da kauri.

Wanda ba shi da kuɗin buhu

Mai kabu-kabu, ɗan dako da mai ƙaramar sana'a da ke samun na yau su ci yau, su tsadar ta fi duka, kuma su ne ake ganin wannan tsarin ba nasu ba ne. Nasu ne, sai dai da tiya. Duk ranar kasuwa daga Oktoba zuwa Disamba a ƙara tiya 1 kan awon da aka saba, a zuba a jarka. Kasuwa 2 a mako, mako 12, tiya 24 ke nan, fiye da rabin buhu, an saye shi a farashi mafi sauƙi na shekara. Mai adashe ya nemi kwasarsa ta faɗo a Nuwamba, ko ƴan adashen su amince kwasar watannin kaka ta tafi ga sayen hatsi a haɗe. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maradi a 1991 da tallafin CARE, sun daɗe suna tara kuɗi mako-mako suna ba juna rance, kuma asusun irin wannan ƙungiya zai iya sayen buhuna da kaka a raba wa mambobi da damina a farashin saye da ɗan abin ɗawainiya. Bankin cimaka na ƙauye haka yake aiki, ba abin da ya hana unguwa a gari ta yi nata, muddin makulli 2 ne a hannun mutum 2 kuma ana karanta lissafi a bainar jama'a.

Rance mai ruwa don sayen hatsi ba mu ba da shawararsa ba. Akwai shekarun da farashi ba ya tashi sosai, musamman in damina ta yi kyau ko an hana fitar da hatsi waje kamar yadda gwamnati ta yi a Oktoba 2024, sai mutum ya tashi da bashi ba ribar da za ta biya shi. A kuma tsaya ga abin da gida zai ci. Tanadin iyali halal ne; saye a ɓoye don a jira mutane su matsu a tsawwala musu shi ne abin da addini ya hana.

Da damina gwamnati takan fitar da hatsi ta hannun OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta ƙasa, a sayar a farashi mai rahusa, shekaru da dama a kan jika 13 buhun kilo 100. Ana raba shi ta ƙananan hukumomi, ba ya isar kowa, kuma sau da yawa tiyoyi ne ke zuwa hannun gida ba buhu ba. A tambayi mai unguwa tun watan Mayu takardun da za a nema da wurin da za a yi layi, a ɗauke shi a matsayin ƙari kan ajiyar gida. Abin da aka samo daga can a fara ci da shi, domin yakan kasance ya jima a sito, a bar buhunan da aka ɗaure da kaka a rufe har Agusta.